Kujera Ɗaya a Bakin Gado

A duk mutanen da Direba ya ƙi jini a duniya babu wanda ya kai Mai Agogo, kuma abin haushin shi ne mutumin bai taɓa yi masa laifin komai ba. Da ya taɓa zaginsa ko ya yi masa kallon banza, da abin ya zo da sauƙi. Amma ina. Iyakar abin da ya yi shi ne ya auri matar da Direba ya saka da bakinsa shekara goma sha uku da suka wuce, ya riƙe 'yar da ta zo da ita kamar shi ya haifa. Yarinyar tana ce wa Direba Abba, tana ce wa wancan Baba, kuma duk ranar da ta ce “Baba ya ce” sai Direba ya kawar da kai ya canza zance.

Shi kuwa Uwata yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Babbar mota yake ja, sai ya yi wata biyu wata uku bai leƙo gari ba. In ya dawo ya tsaya a bakin layinsu ya aika a kira ta, ya miƙa mata leda: takalmin da ya yi mata kaɗan, ko rigar da ta dace da 'yar shekara goma sha biyu, ita kuwa ta cika ashirin tana karatun koyarwa. Takan yi godiya da ladabi, irin ladabin da ake yi wa baƙo. Direba ba yaro ba ne, ya san bambancin.

Zancen ciwon ma ba a ɓoye masa ba, kada a ɗauki alhakin kowa. Tun shekara huɗu da suka wuce uwar yarinyar ta ce masa a waya, “Abban yarinya, 'yarka fa tana ɗan ɗaukewa, sai ta yi shiru kamar ba ta wurin.” Ya ce karatu ne ya yi mata yawa, ya aiko da maganin ƙarin jini. Sai yanzu da ya ji an ba su gado na kwana biyar a babban asibiti, za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta, ya ajiye mota a gareji ya taho da babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure.

A ofishin likita kujera uku ce, ya zauna a ta tsakiya. Yarinyar tana kan gadon gwaji, kanta a ɗaure da bandeji, wayoyi sun fito ta ƙeya kamar jelar kitso.

“Muna zargin farfaɗiya ce,” in ji likitar, wata siririyar mata mai tabarau, “amma ba mu tabbatar ba. Wayoyin da muka manna mata a kai ba sa kama abin da wuri, ga alama daga can ciki yake tasowa. Shi ya sa za mu bi ta jini. Duk inda abin ya fara a ƙwaƙwalwa, jini yakan ruga can a lokacin. Akwai wani ruwa da muke turawa ta jijiya, ya bi jinin, ya maƙale a inda ya tarar ya taru. Daga baya mu sa ta a na'ura, wurin ya fito a hoto. Na lokacin da take lafiya mun riga mun ɗauka. Saura na lokacin ciwon, mu haɗa biyun mu ga bambanci.”

“To a yi mata allurar mana,” in ji Direba.

“Nan ne wahalar. Sai abin ya fara, kuma cikin sakan ashirin na farko. In aka makara jinin ya watse, hoton ba zai gaya mana komai ba. Ruwan kuma da safe ake haɗa shi, zuwa ƙarfe biyu ƙarfinsa ya tafi. Mun rage mata magani don abin ya zo. Nas za ta zauna da allurar a shirye, amma muna so wani daga gida, mutum ɗaya, ya zauna a bakin gadon da ƙararrawa a hannu. Wanda ya san yadda abin yake fara mata.”

Tana gama faɗar haka ta juya, ba wajen mai kujerar tsakiya ba, wajen Mai Agogo. Ɗan gajeren mutum ne mai sanyin murya, idonsa na dama a ɗan kanne saboda shekarun da ya yi yana maƙala madubin gyaran agogo. Uwar yarinyar ma shi ta kalla. Yarinyar ma shi ta kalla. Wannan kallon na uku shi ya ƙona Direba.

“Ni zan zauna,” ya ce.

“Abban yarinya, ba ka taɓa ganin ta yi ba fa,” in ji uwar.

“Ni ne ubanta ko ba ni ba ne?”

Mai Agogo ya ɗan gyara zama ya ce, “Haƙƙinka ne, Malam. Sai dai bari in gaya maka yadda take farawa. Da farko takan...”

“Riƙe bayaninka, Malam. Na ga farfaɗiya tun kafin ka san inda ake sa wa agogo batir.”

Kuma ba ƙarya ya yi ba. Ya taɓa ganin wani ɗan dako ya yanke jiki ya faɗi a tasha, yana shure-shure, kumfa na fita ta baki, mutane sun yi da'ira. A wurinsa farfaɗiya ke nan, abin da ko makaho zai ji ƙararsa. Likitar ta ce lallai ya saurari bayanin kafin gobe. Ya gyaɗa kai, ya fita ta ƙofar da Mai Agogo bai bi ba.

Washegari ƙarfe takwas ya shiga ɗakin. Gado ɗaya, taga ɗaya, kyamara a kusurwar rufi. Nas tana zaune ta hagun gadon, wata mai jiki da ba ta da yawan magana, allurar tana gabanta cikin kwanso mai nauyi, an riga an haɗa bututunta da robar da ke jijiyar yarinyar. Ta dama kujera ɗaya ce. Aka miƙa masa ƙararrawa, 'yar ƙaramar aba mai igiya da madanni ja.

“Baba, ka san alamarta ko?” in ji nas.

“Ni na haife ta.”

A jikin ƙofar akwai ɗan gilashi, faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba. Da ya waiga sai ya ga kannannen idon nan na Mai Agogo yana leƙe. Ya tashi a natse ya ja labulen, ya dawo ya jawo kujerarsa har ta taɓa gadon.

Abin da bai lissafa da shi ba shi ne awa shida da 'yarsa ba tare da ledar da zai miƙa mata ba. Cikin minti goma hirarsa ta ƙare. Ya tambayi makaranta, ta ce lafiya. Ya tambayi yadda take zuwa, ta ce Baba ne yake sauke ta a babur kafin ya buɗe shago. Ya tambayi ko tana cin abinci, ta ce Baba ya hana ta fita ba ta karya ba, don ya lura abin ya fi zuwa mata in cikinta babu komai. Direba ya haɗiye wannan ma. Ya shiga ba ta labarin yadda birki ya taɓa ƙwace masa a gangare, ta saurara da ladabin nan nata, tana cewa “Allah ya kyauta” a duk inda ya dace.

Kowace awa nas takan duba agogo, ta sunkuya kan wata takarda ta ga yawan ruwan da za ta tura yanzu, tunda ƙarfinsa raguwa yake yi. Ƙarfe goma sha ɗaya ta sunkuya a karo na uku. Labari ya ƙare wa Direba ke nan. Yarinyar ta haɗiyi yawu, ta sake haɗiya. Sai hannunta na dama ya taho a hankali bisa bargo, yana lalube, har ya sami nasa ya kama.

Rabon da ta riƙe hannunsa tun tana shekara bakwai, ranar da ya tsallakar da ita titi zuwa gidan kakarta. Ya ɗago ya ga ta zuba masa ido, ba ta ko ƙiftawa, babban yatsanta yana shafa bayan hannunsa, yana sake shafawa. Daɗi ya rufe shi, irin daɗin da bai san yana jira ba. Ya saki ƙararrawar a cinyarsa, ya rufe hannunta da nasa biyu.

“Uwata,” ya ce ƙasa-ƙasa don kada nas ta ji, “na san ban kyauta miki ba. Hanya ce ta cinye ni. Amma wallahi ko ina na kwana da ke nake kwana a raina. Kada ki ga wani yana kai ki makaranta ki zaci ya fi ni son ki.”

Ba ta ce komai ba, sai kallon da shafawar. Ya ɗauka kunya ce. Ya ci gaba, ya ce in ta warke zai bar doguwar hanya ya nemi ta cikin gari. Har a ransa yana cewa ina ma bai ja labulen ba, wancan ya leƙo ya gani da kannannen idonsa.

Nas ta ɗago kai. Leɓen yarinyar yana motsi, tana tauna abin da babu.

“Tun yaushe?” ta ce, hannunta ya riga ya kai kan allurar. “Baba, tun yaushe take haka?”

Ta tura ruwan, ta miƙa hannu ta kan gadon ta danna ƙararrawar da ke cinyarsa. Mutane suka shigo. Wani ya ce ya matsa, ya matsa, ya tsaya a jikin bango da hannuwansa biyu a buɗe.

Da yamma likitar ta kira su ukun ta kunna musu abin da kyamara ta ɗauka. Ba don ta kunyata kowa ba, don a ƙirga ne. Direba ya ga kansa daga sama, da babbar rigarsa da sanƙonsa, yana murmushi, bakinsa yana motsi. An yi sa'a babu sauti. A ƙasan allon lambobi suna gudu. Daga haɗiyar farko zuwa shigar allura, sakan hamsin da biyu.

“Mun sa ta a na'ura duk da haka,” in ji likitar. “Hoton bai nuna wuri ɗaya ba, jinin ya riga ya bazu. Dole a jira wannan ruwan ya fita daga jikinta. Sai jibi, kuma jibi ce ranarmu ta ƙarshe. In ba a samu ba sai an sake samun gado, watanni ne.”

A baranda uwar yarinyar ba ta ɗaga murya ba, amma ba ta rage masa komai ba. “An rage wa yarinya magani, an ajiye ta tana jiran ciwo ya kama ta, kai kuma ka zauna kana zuba mata zance. Da ma haka kake, in ana magana kunnenka yana kan hanya.”

“Ki yi haƙuri da shi,” in ji Mai Agogo. “Ni ma farkon da ta yi mini haka na ɗauka wasa take yi. Haka abin yake, Malam. In babu hannu a kusa, gefen mayafi take kamawa, ko marfin kwano. Ran nan ma wutsiyar kyanwa ta kama.”

Da kyakkyawar niyya ya faɗa, kowa ya ga haka. Direba kuwa da mari aka shara masa da ya fi masa. Wato shi da marfin kwano duk ɗaya. Ya kalli mutumin nan da ya san haɗiyar yawun 'yarsa, ya san abin da take kamawa, ya san ranar da ba ta karya ba, ya ji kishi ya cika shi. Shekara goma sha uku na karin kumallo wani ya ci a kujerarsa, kuma shi da kansa ya tashi ya ba shi wurin.

Duk da haka ya shiga ya tambaye ta. “Uwata, kin tuna abin da na gaya miki ɗazu?”

“Labarin birki?”

“Bayan shi.”

Ta yi tunani da gaske, har ta yamutsa goshi. “Ban tuna ba, Abba. In abin ya zo ba na sanin komai. Me ka ce?”

“Ba komai. Zancen hanya ne.”

Ta shiga wasa da gefen bargo, shi kuma ya kafa wa hannun ido. Sannan ta ce, “Abba, don Allah kada ranka ya ɓaci. Jibi ka bar Baba ya zauna. Na gaji da wayoyin nan, kaina ƙaiƙayi yake yi.”

Ya ce to.

Ranar ta zo, Direba ya sami kansa a kan bencin baranda. Bai daɗe a zaune ba ya tashi ya je jikin ƙofa. Mai Agogo bai ja labulen ba, ko tunanin hakan bai yi ba, kuma wannan ma ya ba Direba haushi. Ta gilashin ya ga mutumin bai jawo kujera kusa ba, bai tsare ta da ido ba. Yana zaune a karkace, ƙararrawa a hannu, yana ba ta wani labari yana kwaikwayon tafiyar wani, ita kuma tana dariya har tana dafe wayoyin kanta. Ashe tana dariya haka. Har nas mai ɗaurarriyar fuska sai da ta murmusa.

Ƙarfe goma ta wuce, sha biyu ta wuce, ba abin da ya faru. Uwar yarinyar tana kai da komowa, bakinta yana motsi da addu'a. Direba ya kama kansa yana wani tunani da ko a mafarki ba zai gaya wa kowa ba: in ƙarfe biyu ta yi abin bai zo ba, to an yi kunnen doki, wancan ma bai tsinana komai ba. Ya yi istigifari, tunanin ya tafi, ya dawo.

Ƙarfe ɗaya da minti goma, yarinyar tana cikin magana, Direba bai ga komai ba. Wallahi bai ga komai ba, ga idonsa a kanta. Sai kawai ƙararrawa ta ɗauka, nas ta tura ruwan, sannan ne hannun dama ya fara lalube bisa bargo. Mai Agogo ya miƙa mata gefen rigarsa ta kama, idonsa yana kan agogon hannunsa yana ƙirgawa.

Sakan tara, in ji likitar daga baya. Ta jera musu hotuna biyu a allo, ƙwaƙwalwa a yanke kamar an raba kabewa, shuɗi da kore ko'ina. A na biyun, ta gefen dama, sama da kunne kaɗan, akwai ɗan tabo ja da bai fi girman ƙwayar wake ba.

“Ga shi nan,” ta ce. “Farfaɗiya ce, kuma daga wuri ɗaya take tasowa. Wannan labari ne mai kyau. Yanzu mun san maganin da za mu canza mata, in kuma bai yi ba, mun san inda za a duba don aiki.”

Uwar ta fashe da kuka. Likitar ta ce wa Mai Agogo da ma a ce duk 'yan gida haka suke. Direba ya ce alhamdu lillahi, kuma har cikin ransa ya faɗa. Amma yana kallon jan tabon nan yana jin kamar an nuna masa wani ɗaki a cikin gidansa wanda baƙo ya riga shi sanin ƙofarsa. Ya miƙa wa Mai Agogo hannu ya ce, “Na gode, Malam.” Hannun Direba ya yarda, idonsa ne ya ƙi kallon mutumin.

Ranar sallama da hantsi ya zo yin ban kwana, don mai motar da yake ja ya fara kira. An cire mata wayoyin, gashinta duk ya cakuɗe da gam, uwarta tana fama da shi da mataji. Mai Agogo yana bakin taga yana naɗe bargon da suka zo da shi. Direba ya tsaya a gefen gadon, bai zauna a kujerar ba.

“Uwata, zan koma. Sai na dawo.”

“Abba, Mama ta ce a hoton nan na kyamara ka daɗe kana yi mini magana.”

“Zancen hanya ne na ce miki.”

Ta kalle shi. Sai hannunta na dama ya taho bisa zanin gado ya kama nasa.

Ya waiga yana neman ƙararrawa, an riga an ɗauke ta. “Nas,” ya ce, “a kira nas, abin ya zo mata.”

“Abba, ni ce,” ta ce. “Lafiyata ƙalau. Hannunka kawai na riƙe.”

Ya ji abin da ta faɗa sarai. Ya duba fuskarta, ya duba wuyanta ko tana haɗiya, ya duba yatsan ko yana shafawa, bai iya gane komai ba. Kafin ya hana kansa, idonsa ya tafi bakin taga. Mai Agogo ya dakata da naɗin bargon, ya ɗan kalli yarinyar, sannan ya gyaɗa masa kai.

Sai a lokacin Direba ya rufe yatsunsa a kan nata.